Mai Neman Rage Ƙiba: Idan Ka Motsa Jiki, Ya Kamata Ka Ƙara Malmala?



Akwai wata tambaya da take yawan fitowa daga bakin waɗanda likita ya umarta da su rage ƙiba, musamman masu hawan jini da masu ciwon sukari, kuma galibi a tagar karɓar magani ake yin ta, bayan an fito daga wurin likita. Tambayar ita ce: idan na fita da asuba na yi tafiya har na yi zufa, ko na buga ƙwallo da yamma, ashe ba zan ƙara abinci in mayar da ƙarfin da ya fita ba? Masu agogon hannu na zamani da manhajar waya kuwa da lamba suke zuwa. Agogo ya ce sun ƙona kalori 400, manhaja ta ɗora 400 ɗin a kan rabonsu na ranar, su kuma suna so su ji ko an ba su izinin ci.

Ra'ayina shi ne, in dai rage ƙiba kake nema, kuma motsa jikinka bai wuce tafiya ko sassarfa ta rabin sa'a zuwa sa'a guda ba, kada ka ƙara ko loma ɗaya saboda shi. Ka ci abin da ka riga ka tsara, a lokacin da ka saba ci. Akwai mutanen da wannan shawara ba ta hau kansu ba, wasunsu ma bin ta zai iya kai su gadon asibiti, kuma zan zo kansu dalla-dalla a gaba. Amma ga mafi yawanmu, ƙarin da ake yi da sunan mayar da ƙarfi shi ne dalilin da ya sa mutum zai yi wata uku yana sammako, ya hau sikeli ya tarar allura tana nan inda ya bar ta, ya ce ai motsa jiki ba ya aiki, ya watsar.

Rumbun da ke jikinka

Kalori ma'auni ne, kamar yadda tiya take ma'aunin hatsi. Da shi ake auna kuzarin da abinci yake bai wa jiki, da kuma wanda jiki yake kashewa. Giram ɗaya na sitaci ko sukari yana ba da kalori 4, haka ma giram ɗaya na sinadarin gina jiki irin na wake da nama, amma giram ɗaya na mai, manja ne ko man gyaɗa ko man shanu, yana ba da 9. Abin da ya yi rara bayan jiki ya biya buƙatarsa ba ya zubewa, ana adana shi ne a matsayin kitse. Kitse rumbun jiki ne, kuma kilo ɗaya nasa yana ɗauke da kalori wajen 7,700.

Duk manomi ya san rumbu ba ya raguwa sai abin da ake ɗiba ya fi abin da ake zubawa. Rage ƙiba ke nan gaba ɗayansa. Idan abin da kake ci ya gaza abin da kake kashewa da kalori 500 a kullum, jiki zai riƙa cike giɓin daga rumbu, a mako kuma ka sauke abin da ya kusa rabin kilo, musamman a watannin farko. Motsa jiki hanya ce ta faɗaɗa wannan giɓi. Wanda ya buɗe giɓin da ƙafarsa da safe, ya dawo ya cike shi da bakinsa a teburin mai shayi, tufka da warwara ya yi.

Sai dai za ka iya cewa: ai na riga na rage abinci, giɓin yana nan, abin da motsa jiki ya ƙara kawai zan mayar. A kan takarda maganarka daidai ce. Matsalar ita ce lambar da za ka dogara da ita wajen mayarwar sau da yawa takan fi gaskiya yawa, lambar abincin da za ka ci kuma kusan kullum ta gaza gaskiya.

Dalilin da ya sa lambar agogo take cika baki

Mu ɗauki magidanci mai kilo 90 da ya yi tafiyar minti 40 da ɗan sauri, wajen kilomita 3, a gefen hanyar Funtuwa bayan sallar asuba. A lissafin da aka saba, ya kashe kalori kusan 210. Amma a cikin 210 ɗin nan akwai wajen 60 da ko yana kwance a kan tabarma jikinsa zai kashe su, domin zuciya da huhu da hanta da ƙwaƙwalwa ba sa hutu. Waɗannan 60 an riga an ƙidaya su a cikin rabonsa na yini. Ribar tafiyar ta gaskiya ba ta wuce 150 ba, amma na'urori da manhajoji da yawa jimlar duka suke nunawa.

Na biyu, na'urar ba ta auna kalori, hasashe take yi daga bugun zuciya da kaɗawar hannu da nauyin da ka shigar mata. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford da ke Amurka sun gwada irin waɗannan agoguna guda 7 a hannun mutum 60. Wajen ƙidaya bugun zuciya yawancinsu sun yi ƙoƙari, amma wajen kalori wanda ya fi duka kusantar gaskiya ya kauce da kashi 27 cikin 100, na ƙarshensu kuwa da kashi 93. Idan mai awo a kasuwar hatsi yana kuskure irin wannan, ba wanda zai sake kai masa buhu.

Na uku ya fi sauran muhimmanci, kuma shi ne mutane ba su cika sani ba: jiki yana da tsimi. Idan ka ƙara kashe kuzari ta wajen aiki, yakan rage abin da yake kashewa ta wasu wurare ba tare da ka sani ba. Wani bincike da aka wallafa a 2021, wanda ya duba bayanan manya 1,754, ya gano cewa a matsakaici jiki yana maido da kusan kashi 28 cikin 100 na abin da aka kashe wajen motsi, a wurin masu ƙiba sosai kuwa abin yana kusantar rabi. Tun a 2012 Herman Pontzer da abokan aikinsa suka auna mutanen Hadza na Tanzaniya, mafarauta masu yawon kilomitoci a kullum, suka tarar idan an yi la'akari da girman jiki, kuzarin da suke kashewa a yini bai yi wa na mazauna biranen Turai da Amurka nisa ba. A nan gida ma, masu bincike na Jami'ar Loyola da ke Shikago tare da abokan aikinsu na Najeriya sun wallafa sakamako a 2008 inda suka kwatanta matan karkara na ƙasar Yarbawa da mata baƙar fata na unguwannin Shikago. Matan Najeriya sun fi rashin nauyi nesa ba kusa ba, amma da aka daidaita girman jiki, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba a kuzarin da ɓangarorin biyu suke kashewa wajen motsi. Hankalin masu binciken sai ya koma kan abinci. Masana na ci gaba da muhawara a kan girman wannan tsimi, amma samuwarsa ta isa ta sa mu yi taka-tsantsan.

Ka ƙara da abin da kowa ya sani a jikinsa: ranar da ka yi doguwar tafiya da safe, ka fi son zama da rana, masallacin da kake zuwa da ƙafa sai ka hau mashin, aiken da da kai za ka je sai ka tura yaro. In an haɗa duka, abin da ya rage wa magidancinmu daga tafiyarsa zai iya zama kalori 100 ko ƙasa da haka.

Abin da baki yake mayarwa cikin minti biyu

Yanzu dubi ɗaya ɓangaren. Robar lemo mai santilita 50 tana ɗauke da sukari fiye da giram 50, wato sama da ƙaramin cokali 12, kalori kusan 200. Babban cokali ɗaya na mai kalori 120 ne, kuma ƙosai da awara da waina da soyayyar doya ba cokali ɗaya suke sha ba. Tafin hannu ɗaya na soyayyar gyaɗa, wajen giram 30, ya kai 170. Garin masara giram 100, wanda ba ya fin malmala guda mai kyau, kalori 360 ne tun kafin a zuba miya a yaryaɗa man shanu. Fura da nono abinci ne mai kyau, amma idan aka dama babban kwano aka zuba sukari cokali huɗu ko biyar, ya zama cikakken abincin rana, ko da an sha shi a tsaye da sunan jiƙa maƙoshi. Tafiyar minti 40 ba ta biya kuɗin robar lemo guda ba.

Mu kuma ba gwanayen ƙiyasta abin da muke ci ba ne. Wani sanannen bincike da aka wallafa a Amurka a 1992 ya bi wasu mutane masu ƙiba da suka ce suna cin kaɗan amma ba sa raguwa. Da aka auna da na'ura, sai aka tarar sun rage ƙiyasin abincinsu da kashi 47 cikin 100, sun kuma ƙara ƙiyasin motsinsu da kashi 51. Ba ƙarya suke yi ba, haka idon ɗan Adam yake. A wurinmu abin ya fi wuya, domin a faranti ɗaya ake ci da 'yan'uwa ko abokan majalisa, ba wanda ya san loma nawa ya kai, kuma ba wanda ya auna man da aka zuba a tukunya. Gasasshiyar masarar da aka miƙo maka a bakin shago, da raken da ka sha kana hira, da kunun zaƙin gidan suna, duk ba sa shiga lissafi, amma suna shiga rumbu.

Zufa ma tana yaudara. A zafin Maris da Afrilu mutum zai jiƙe sharkaf, ya hau sikeli ya ga ya sauke kilo guda, ya ɗauka kitse ne ya narke. Ruwa ne da gishiri, kuma da ya sha ruwa nauyin zai dawo. Kitsen da jiki ya ƙona, mafi yawansa ta numfashi yake fita, a hankali, cikin kwanaki da makonni. Abin da zufa ta ɗauke, da ruwa ake biyan sa. 

Ɗan dako da dillali

Ba sai mun je Tanzaniya ba kafin mu ga inda iyakar take. Shiga kasuwar hatsi ta Dandume ranar kasuwa ka tsaya inda ake lodin masara. Ga ɗan dako yana saɓar buhu mai kilo 100 tun hantsi har la'asar, yana hawa katako yana jefawa a mota. Ga dillali ko mai sito a zaune a inuwa, waya a kunne, lissafi a hannu, mashin ɗinsa a gefe. Sau da yawa wurin mai abinci ɗaya suke aikawa, kwano iri ɗaya ake kawo musu. Na farko yana buƙatar kwanon nan har da ƙari, in ya rage zai rame ya kasa aiki. Na biyu kuwa ko ya yi tafiyar rabin sa'a da asuba, bai shiga sahun na farko ba, kuma bai kamata ya ci da ma'auninsa ba.

Da yawa daga cikin magidantan da tumbi yake damu a wannan yanki namu 'ya'yan manoma ne da suka tashi da fartanya a hannu. Sun koyi cin malmala uku a lokacin da suke yini a gona suna noman firi da maimai da huɗa, ga girbi da ɗaukar dami. Yau maganin feshi ya karɓi aikin ciyawa, garmar shanu da tarakta sun karɓi huɗa, 'yan ƙwadago sun karɓi sauran, gonar ma a kan mashin ake zagaya ta. Aikin ya tafi, ma'aunin tuwon ya zauna. Haka abin yake a cikin gida: uwargidan da ta tashi tana daka da surfe da niƙa da jan ruwa a rijiya, yanzu injin niƙa da famfo sun sauƙaƙa mata, alhamdu lillahi, amma ludayin bai canza ba. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Ko ga manomin da har yanzu da hannunsa yake aiki, shekara ba ɗaya take ba. Damina ce lokacin aiki mafi nauyi, kuma ita ce lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Kaka da rani kuwa abinci ya wadata, aiki ya ragu, sai mai noman rani. Mai neman rage ƙiba da yake yini a gona da fartanya a watan Yuli yana buƙatar ƙari a ranakun aikin, amma kada ya ɗauki ma'aunin Yuli ya kai shi Janairu.

Saboda haka iyakar da nake sakawa ita ce: aiki mai nauyi da ya wuce sa'a ɗaya da rabi, kamar yinin gona, ko dako, ko cikakken wasan ƙwallo, ko doguwar tafiya a keke, shi ne ya cancanci ƙari. Ko a nan ɗin ma, in kana duba agogo, kada ka mayar da fiye da rabin abin da ya nuna. Kuma ƙarin ya zama abinci mai riƙe ciki da gina tsoka: dafaffen wake, dafaffen ƙwai, nono ba sukari, kifi, kwaɗon zogale ko na rama da ɗan ƙuli-ƙuli, ayaba guda. Lemon kwalba da biskit da soye-soye suna cike giɓin ne su bar ka da yunwarka.

Waɗanda dole su ci

Nan ne maganar ta fi nauyi, kuma ina roƙon iyalan marasa lafiya su karanta da natsuwa.

Idan kana allurar insulin, ko kana shan ƙwayoyin sukari irin su gilibenkilamaid da aka fi sani da Daonil, ko Amaryl, ko Diamicron, to ka sani waɗannan magunguna suna saukar da sukarin jini ko ka ci ko ba ka ci ba. Motsa jiki ma yana saukar da shi, kuma tasirinsa yana iya kaiwa har tsakar dare ko washegari. Idan suka haɗu da ƙarancin abinci, sukari yana iya faɗuwa ƙasa da kima. Alamunsa su ne zufa mai sanyi, karkarwar hannu, faɗuwar gaba, yunwa mai tsanani, jiri, gani dishi-dishi, ruɗewa ko saurin fushi ba dalili. In an bari, sai suma ko jijjiga, har rasa rai.

Mai shan waɗannan magunguna ya auna sukarinsa kafin ya fita. In ya gaza 90 a na'urar da ke ƙidaya da manyan lambobi, ko 5.0 a wadda ke ƙidaya da ƙanana, ya ci wani abu tukuna. Kada ya fita sai da sukari ko alewa ko dabino a aljihu. In alamun suka zo, ko awo ya nuna ƙasa da 70, wato 3.9, ya tsaya nan take ya sha ƙaramin cokali 4 na sukari a ruwa, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kofi na lemo mai sukari, ya jira minti 15 ya sake aunawa, in bai hau ba ya maimaita, sannan ya ci abinci. Wannan sukarin magani ne, ba ya cikin lissafin rage ƙiba. Wanda ya suma kuwa kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya da shi asibiti. Idan faɗuwar sukarin tana maimaituwa, maganin ne yake buƙatar gyara, domin bai dace mutum ya riƙa ƙara abinci kullum don ya ciyar da ƙwaya ba. Likita ne zai rage ta, kada ka rage da kanka. Mai shan metfomin kaɗai, wato Glucophage da ire-irensa, ba kasafai wannan yake samunsa ba, don haka shawarar farko ta hau kansa.

Masu hawan jini da ke shan atenolol da danginsa su lura da abu biyu: maganin yana rage bugun zuciya, don haka lissafin agogo ya ƙara lalacewa, kuma yana iya ɓoye faɗuwar gaba da karkarwar da ke gargaɗin mai ciwon sukari. Masu shan ƙwayar da ke sa yawan fitsari su kula da ruwa a lokacin zafi. Kuma yayin da nauyi yake sauka, hawan jini da sukari sukan sauka tare da shi, har adadin maganin da ya dace bara ya zama ya yi yawa bana. Jiri idan an miƙe tsaye dalili ne na komawa asibiti a sake dubawa.

Akwai kuma waɗanda bai kamata su shiga rage abinci ba sam sai da umarnin likita: mai ciki, mai shayarwa, wadda jikinta ke buƙatar ƙarin kalori har zuwa wajen 500 a kullum, yara da matasa masu tasowa, mai sikila, mai shan maganin tarin fuka, da tsofaffin da jikinsu ya yi rauni. Wanda kuma yake ramewa ba tare da ya nema ba, wannan gwaji yake buƙata da gaggawa.

To mene ne amfanin wahalar?

Wani zai ce, in tafiyata ba ta kai robar lemo ba, gara in yi barcina. A'a. Amfanin motsa jiki ya wuce abin da sikeli yake nunawa. Yana saukar da hawan jini, yana sa tsoka ta riƙa karɓar sukari daga jini cikin sauƙi, yana gyara barci, yana kare tsoka a lokacin da ake rage abinci don abin da zai tafi ya zama kitse, kuma yana taimaka wa wanda ya sauke nauyi kada ya dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana 2. A wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 2002, a kan mutum fiye da 3,000 da ke bakin kamuwa da ciwon sukari, waɗanda aka ɗora a kan tafiyar minti 150 a mako da burin sauke kashi 7 cikin 100 na nauyinsu sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58, waɗanda aka ba metfomin kuwa da kashi 31. Ga mai kilo 90, kashi 7 ɗin nan bai fi kilo 6 da ɗoriya ba. Abu ne da za a iya, in ba a riƙa mayar da shi ta bayan gida ba.

Akwai kuma illar da ke cikin ɗaukar abinci a matsayin ladan motsa jiki. Wanda ya saba da haka, ranar da ya ci da yawa sai ya ga dole ya azabtar da kansa da gudu, ranar da ya yi gudu sai ya ga ya sayi 'yancin ci. Wannan ciniki ba ya ɗorewa, kuma yakan kai mutum ga shayin rage ƙiba da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp, waɗanda da yawansu maganin gudawa ne ko na fitsari: ruwa suke fitarwa, kitse yana nan, ƙoda da hanji su sha wuya.

Yadda za a yi a gida

Ka ware kwanonka. Wannan shi ne mataki mafi wuya a al'adarmu, kuma shi ne mafi amfani. Za ka iya zama tare da jama'a a tabarma ɗaya, amma rabonka yana cikin kwanon da ka san girmansa, kuma girman nan ba ya canzawa don yau ka fita tafiya. In malmala uku ka saba, koma biyu, ka cike wurin da miyar ganye, kuka ko kuɓewa ko alayyafo, da wake. Shayi ya koma cokali ɗaya na sukari ko babu. Lemo ya zama na ranar biki.

Ka daidaita lokacin fita da lokacin ci. In ka yi tafiyarka kafin karin kumallo ko kafin abincin dare, abincin da dama za ka ci shi ne zai tarye ka, ba sai an ƙirƙiro wani na musamman ba. Mai insulin da ƙwayoyin da na ambata shi kuma ya fi masa aminci ya fita bayan ya ci.

Uwargida, rabin aikin nan a hannunki yake. Idan maigida ya dawo yana zufa, tausayi zai sa ki ƙara masa malmala ko ki dama masa fura mai sukari. Ki tarye shi da ruwa, ki ba shi abin da kuka tsara. Ki riƙa auna mai da cokali maimakon tsiyayawa daga galan. In ke ce mai neman ragewa, zagayen tsakar gida na minti 30 motsa jiki ne cikakke, kuma ɗanɗanon tukunya da cinye ragowar yara abinci ne da ya kamata ki sa a lissafi. 'Yan'uwa kuma su daina tsorata mai ƙoƙari da tambayar ko lafiya ya rame. Tumbi ba shaidar wadata ba ne a wurin mai hawan jini.

Alƙalin gaskiya shi ne jikinka a tsawon makonni. Ka hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe, kafin ka ci komai, a sikeli ɗaya, ka rubuta. Ka kuma yanki igiya daidai tsawonka, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita ɗan sama da cibiya: burin shi ne bakinta biyu su haɗu, wato ƙugu ya gaza rabin tsawo. Idan kana sauke rabin kilo zuwa kilo guda a mako, kana barci, kana iya aikinka, kada ka taɓa komai. Idan kana sauke fiye da kilo guda mako bayan mako, ko kasala da jiri da rashin barci sun dame ka, ko mace ta ga al'adarta ta rikice, giɓin ya yi faɗi, a ƙara ɗan abinci mai gina jiki a kowace rana, a kuma ga likita. Idan kuwa mako huɗu sun wuce allura ba ta motsa ba, kafin ka ƙara nisan tafiya, ka zauna ka rubuta duk abin da ya shiga bakinka na kwana uku, har da abin sha da abin da aka miƙo maka a majalisa. A nan ake samun ɓarakar galibi.

In za ka je karɓar magani a wata mai zuwa, ka tafi da takardar nauyinka da ta awon sukarinka da kwalayen duk magungunan da kake sha, har da na gargajiya, ka gaya wa likita da mai ba da magani cewa ka fara motsa jiki kuma ka rage abinci, domin a duba ko adadin maganinka yana nan daidai. Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.